JINIYAR GARGAƊI: ƘARAR DA KE RIGA RUWA ISOWA

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, ba mu manta da damanar 2024 ba. Ruwa ya kashe mutum fiye da 300 a ƙasarmu Nijar. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe, ginin da ya haura shekara 150. Mako guda bayan haka madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Najeriya, ruwa ya shiga Maiduguri da dare mutane suna barci.

Babu mai tare ruwan sama. Amma wanda ya sami labari da minti goma yana iya fid da yara da tsofaffi, ya kwance dabbobi daga turke. Don wannan minti goma aka ƙera jiniya.

JINIYA IRI BIYU CE

Ta farko tsohuwa ce. Wani Bafaranshe mai suna Cagniard de la Tour ya gyara ta a 1819, shi ya sa mata suna. Cikinta akwai fanka mai juyawa a cikin gwangwani mai ramuka. Fankar tana turo iska, ramukan suna yanka iskar gutsu-gutsu, sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan yankan shi ne kukan. Tana da ƙarfi, tana da ƙarko, amma babbarta tana shan wuta da yawa. In wuta ta ɗauke, ta yi shiru. Kun kuwa san in hadari ya taso, wuta ce farkon tafiya.

Ta biyu ita ce jiniyar lantarki ta zamani. Babu fanka a cikinta. Wanda ya san lasifikar masallaci ya san rabin aikinta. Akwai ɗan akwati mai haifar da sauti. Akwai akwatin ƙara ƙarfin sauti, wanda masu gyaran rediyo ke kira ampili. Akwai manyan lasifika a bisa dogon ƙarfe, bakinsu ya dubi gabas da yamma, kudu da arewa. A ƙasa akwai batir, farantin hasken rana yana cika shi kullum. Ana tada ta da maɓalli, ko daga nesa ta hanyar rediyo ko salula.

Abin da ya sa ta fi dacewa da karkara abu biyu ne. Ba ta jiran wutar Nijelek. Kuma tana magana: bayan kuka, ana iya jin muryar mutum da Hausa ko Fulatanci yana cewa ku bar bakin korama, ku hau tudu.

ME YA SA BA A JIN TA KO'INA?

Sauti yana raguwa da nisa, kuma da sauri yake raguwa. A fili, wanda ke mita 200 daga jiniya yana samun kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin da ya kai ga wanda ke mita 100. Wanda ke mita 400 kuwa kashi ɗaya cikin goma sha shida. Katanga, itatuwa da gonar rake suna ƙara cinye shi. Shi ya sa ake ɗaga lasifikar sama da rufin gidaje, mita 10 ko fiye. Tsawon yana kuma kare kunnen maƙwabta, don ƙarar tana iya ɓata kunnen wanda ya tsaya dab da bakinta.

Masu ƙira ba su zaɓar siririyar murya irin ta sarewa. Kakkaurar murya ta fi tafiya nesa. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa tambarin sarki yake da faɗi. Kuma suna sa kukan ya riƙa hawa yana sauka, don kunne yana saurin sabawa da ƙarar da ba ta canzawa.

Iska ma tana da hannu. Wanda iska ke busowa daga jiniya zuwa wajensa yana jin ta da nisa. Wanda ke ɗaya gefen yana iya rasa ta ko yana kusa. Da dare, in gari ya yi sanyi ya lafa, sauti ya fi nisa.

Ga wata gaskiya da masu sayarwa ba su cika faɗa ba: an yi jiniya don mutanen da ke waje, a gona, a kasuwa, a wurin kiwo. Mai barci cikin ɗakin kwano ana tafka ruwa, da wuya ya ji ta. Don haka ba ta raba mu da buga ƙofar maƙwabci.

DARASI DAGA WASU ƘASASHE

A Jamus an cire jiniyoyi da yawa bayan 1990, ana ganin ba su da sauran amfani. A watan Yuli na 2021 ambaliya ta zo da dare, ta kashe mutum fiye da 180. Daga baya gwamnati ta fid da kuɗi aka soma kafa sababbi.

A garin Lahaina na Amurka kuwa akwai jiniya, amma da gobara ta taso ranar 8 ga Agusta 2023 ba a kunna ta ba. Mai kula da ita ya ce ya ji tsoron mutane su zaci igiyar teku ce, su gudu tudu, inda wutar take. Mutum wajen 100 suka mutu. Ku duba: na'urar lafiya lau take, ma'anar kukan ce ba a shirya ba.

A Faransa ana gwada jiniya ranar Laraba ta farko a kowane wata, wajen tsakar rana, don kowa ya san muryarta. A Japan garuruwa da yawa suna sa ɗan kiɗa ta lasifikar gari kowace yamma. In wata rana ba a ji ba, an san ta lalace.

TO MU FA A ƘASAR KANCE?

Jiniya baki ce kawai, sai an sami ido. A Yamai ana auna kogin Isa: in ya kai santimita 620 an shiga jan gargaɗi, a Satumba 2020 ya kai 700. A kogin Sirba akwai ma'auni a Bossey Bangou da Garbey Kourou, mutanen ƙasa suna samun labari kafin ruwan ya iso su. Koramunmu na Matamai, Dungu da Kance ba su kai nan girma ba, amma dabarar ɗaya ce: sanda mai fenti a bakin ruwa, da mutum mai salula a ƙauyen da ruwa ke fara bi. Gwamnati ta kafa tsarin gargaɗi na ƙasa, SAP, tun 1989, kuma akwai kwamitocin ƙauyuka da ake kira SCAP-RU. Wannan magana tasu ce, da magajin gari da masu gari.

A ganinmu, garin da bai da kuɗin jiniya kada ya zauna jira. Lasifikar masallaci mai batir, da ganga, da mai shela, sun isa a fara. A taru gaban mai gari a yanke: wane kira ne na ruwa, wane ne na gobara, ina za a taru. Kira biyu sun isa, in sun yi yawa a ruɗe. A sanar da rugage da ke kewaye. Kada a yi kiran don taron biki ko siyasa, don ranar da aka yi na gaske ba mai tashi.

Garin da ya samu jiniya kuwa, ya kula da waɗannan. Ƙurar hunturu tana rufe farantin rana, a share shi kowane mako. Zafi yana kashe batir, a sa akwatin a inuwa, a kulle saboda ɓarayi. Rina da tsuntsaye suna gida cikin bakin lasifika, a sa raga. Dogon ƙarfe yana jan tsawa, dole a yi masa waya mai shiga ƙasa. Makulli kada ya zauna hannun mutum ɗaya, don yana iya zuwa cin kasuwa. Wajen kafawa, a tuna hadarinmu daga gabas yake tasowa, iskar hunturu daga arewa maso gabas. A ɗan matsa da ita gabashin gari, iska ta kwaso kukan ta bi da shi bisa gidaje.