D7 A Lissafi: Wace Ƙofa Ya Ke Rufe Wa Yaranmu?

Kowace shekara, idan sakamakon jarrabawar WAEC da NECO ya fito, iyaye a Tsiga da ƙauyukan da ke kewaye sukan kawo mana takardun 'ya'yansu mu duba. Mu malaman makarantun ekklisiya mun saba ganin wata irin takarda: Turanci ya yi kyau, ilmin halittu ya yi kyau, ilmin addinin Kirista ma A1 ne, amma a layin lissafi an rubuta D7. Uba ya ce, "To, Malam, ai ya ci, tun da ba F9 ba ne." A nan ne maganar ta ke, domin wurin jami'a D7 ba ci ba ne.

Ga yadda abin ya ke. Maki tara ne a takardar. Daga A1 zuwa C6 shi a ke kira kiredit. D7 da E8 wucewa ce kawai, F9 kuwa faɗuwa. Wanda ya ke son karatun likita, ko injiniya, ko haɗa magunguna, ko aikin gona a jami'a, dole ya kawo kiredit biyar, da Turanci da lissafi a ciki. Tsakanin C6 da D7 mataki ɗaya ne tak, amma ya isa ya zaunar da yaro shekara guda a gida.

Wasu iyaye suna tsammani makin JAMB mai yawa zai rufe wannan rami. Ba ya rufewa. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, tana gwada ɗalibi a darussa huɗu, maki 400 gaba ɗaya. Yarinyar da ke neman likitanci za ta rubuta Turanci da ilmin halittu da kimiyyar sinadarai da fiziks, babu lissafi a ciki. Ko ta sami 300, idan aka zo tantance takardu aka ga D7, sai a ajiye sunanta gefe. Fannin likita ma ya fi tsanani, don jami'o'i da yawa suna so kiredit ɗin duka su fito a zama ɗaya. Wasu kuma, irin Jami'ar Legas, suna ba kowane mataki na sakamakon sakandare maki, su haɗa da na JAMB. A can mai C6 ya shiga layi, amma mai A1 yana gabansa.

Kada mu manta da yawan masu nema. A 2025 ɗalibai fiye da miliyan 1.9 suka rubuta JAMB. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, ita ce mafarkin yawancin yaranmu, amma kujerun likita da injiniya kaɗan ne. Gaskiya ne jami'o'in tarayya suna ware kashi 45 cikin 100 don cancanta, kashi 35 don jihohin da ke kewaye da su, kashi 20 don jihohin da ke baya a ilmin boko, kuma Katsina na cikinsu. Wannan gata ne a gare mu. Sai dai gatan na wanda ya cika sharaɗi ne, ba ya mai da D7 ya zama C6.

Akwai wani sashe na lissafi da ya fi ba manyan ɗalibai tsoro, shi ne kalkulas. Masana biyu suka shimfiɗa shi a ƙarni na 17, Isaac Newton a Ingila da Gottfried Leibniz a Jamus. Sunan ne baƙo, amma manomi ya san tambayar da ya ke amsawa. Masara ba ta girma da sauri ɗaya daga shuka zuwa bunni. Wani mako ta yi kamar ta tsaya, wani mako bayan an zuba taki ta yi tsalle. Kalkulas shi ne lissafin saurin canji a kowane lokaci, da kuma tara ƙananan canje-canjen nan a san jimlarsu. Da shi injiniya ya ke sanin nauyin da gada za ta ɗauka. Yana cikin manhajar lissafi ta JAMB, kuma wanda ya shiga fannin injiniya ko kimiyya zai same shi yana jiransa tun shekarar farko. A Amurka ma manyan makarantun fasaha suna duba ko ɗalibi ya yi shi tun a sakandare. A makarantun karkara irin namu kuwa, sau da yawa zango kan ƙare ba a kai ga babinsa ba, ko kuma babu malamin da zai koyar da shi.

Mu dai a ganinmu, ba a aji shida a ke faɗuwa lissafi ba. Tun a ƙaramar sakandare a ke faɗuwa. Lissafi kamar ginin katanga ne, idan layin ƙasa ya karkace, na sama ba zai miƙe ba. Zangon farko na shekara yana farawa a watan Satumba, daidai lokacin da aikin kaka ke matsowa. Yaro ya yi mako biyu yana karyar masara, ya dawo, sai kuma tsinkar auduga ko cashin waken soya. Wanda ya rasa darasin tarihi zai iya karanta littafi ya cim ma 'yan ajinsa. Wanda ya rasa makon da aka koyar da aljabara, shekara uku zai yi yana ɗingishi. Jarrabawar ma da damina ta ke zuwa: WAEC wajen Mayu da Yuni, NECO kuma Yuni da Yuli, lokacin shuka da noman fari. Ba mu ce kada yaro ya taimaki mahaifinsa ba, da gonar a ke biyan kuɗin makarantar. Amma akwai Asabar, akwai yamma. 'Yan mata kuma, da zarar an ce "lissafi na maza ne" a gabansu, an gama karya musu gwiwa. Wannan magana ba ta da tushe, bai kamata a ji ta a gidan mai bi ba.

To, idan D7 ɗin ya riga ya fito fa? A watan Oktoba 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta sanar cewa masu neman fannonin adabi da harsuna da makamantansu ba sai da kiredit a lissafi ba, ko da ya ke kowa zai ci gaba da rubuta shi a sakandare. Ga masu kimiyya da fasaha da ilmin zaman jama'a, sharaɗin na nan. Su sai su sake zama. WAEC da NECO duka suna da jarrabawar 'yan waje a ƙarshen shekara, kuma fannoni da yawa suna karɓar sakamako biyu a haɗe. Nan kusa da mu a Funtuwa, Jami'ar Ahmadu Bello tana da makarantar share fage, inda a ke gyara tushe, a ke kuma yin IJMB, wadda ke kai ɗalibi aji biyu na jami'a kai tsaye. Akwai Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da Jami'ar Bingham ta ECWA a Karu. Kowace da nata tsari, amma a fannin kimiyya duk za su tambayi lissafi.

Abu ɗaya muke roƙo kada a yi: biyan kuɗi a cibiyoyin da a ke rubuta wa yara amsa. Zunubi ne, kuma yaron da ya shiga injiniya da A1 na saye zai gamu da kalkulas shi kaɗai a Samaru. Kuɗin nan gara a haɗa su. Gidaje biyar ko shida a ekklisiya ɗaya za su iya ɗaukar ɗalibin jami'a da ya dawo hutu, ya riƙa koya wa yara lissafi a ɗakin sujada da yamma, a fara da 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare.