Sauya Tayar Babur A Gida: Aikin Dabara Ne, Ba Na Ƙarfi Ba

Ma'aikaci ko ɗalibin da babur ne abin hawansa ya san irin ɓacin ran da ke cikin wayewar gari a tarar taya ta sace, mai faci bai buɗe rumfarsa ba, ga rajistar ofis ko ɗakin jarrabawa na jira. Da yawa kan tura babur a haka har bakin titi, rim ya yi ta tauna tub, ƙusa ɗaya ta zama sanadin sayen sabo. Alhali kuwa kayan da za su fid da mutum daga wannan hali ba su cika ƙaramar jaka ba.

Abin da ake bukata shi ne sifana biyu daidai da notin sandar da ta ratsa tsakiyar wili, galibi tsakanin lamba 17 da 24, da ƙanana masu lamba 10 da 12, da filaya, da mabuɗin bawul, da famfo mai geji, da faci da sholisho. Amma uwar kayan duka ita ce liba, watau ƙarfen nan mai faffaɗan baki da ake ɗaga leɓen taya da shi. A sayi uku. Sukudireba ba za ta tsaya a madadinta ba, domin bakinta kaifi gare shi, sau da yawa ita ke huda sabon tub tun bai sha iska ba.

A nan ne mafi yawa ke kuskure. A cikin leɓen taya akwai wayar ƙarfe wadda ba ta miƙewa ko kaɗan, saboda haka duk mai kokawa da ita sai dai ya lanƙwasa rim ko ya tsinka ta. Idan mai karatu ya dubi rim zai ga wani kwari a tsakiyarsa, dabarar da ta samo asali daga ƙirar wani Baturen Ingila, Charles Welch, a 1890. Bayan an kwance bawul iska ta fita sarai, sai a taka leɓen taya ya faɗa cikin kwarin nan ta gefen da ke daura da bawul. Nan take ɗaya gefen zai yi sako-sako, liba ta ɗaga shi ba wahala, ana ci kaɗan-kaɗan. Ruwan sabulu na taimakawa. Baƙin mai kuwa ɓata roba yake yi. Kafin a mayar, lalle ne a shafa cikin tayar a hankali a nemo ƙusar, kana a ɗan hura wa tub iska don kada ya naɗe.

Taya marar tub daban ce. Ana iya toshe hudarta ba tare da an cire wili ba, amma zaunar da leɓenta na bukatar iskar inji, gara a bar wa mai faci.

Haɗarin aikin ba wajen cirewa yake ba, wajen mayarwa ne. A jera zobban ƙarfen da ke gefen wili a ƙasa bisa yadda suka fito, kada na dama ya koma hagu. Alamomin da ke kan abin ja da sarƙa su zo daidai a ɓangarori biyu, in ba haka ba wili zai zauna a karkace, babur ya riƙa ja gefe. Sarƙa ta sami sassaucin milimita 20 zuwa 30, ko abin da littafin babur ya faɗa. A ɗaure sandar da ke riƙe da faifan birki tam, domin idan ta kuɓuce cikin tafiya birkin baya na iya cijewa ko ya mutu ɗungum. A sa sabon fin a notin tsakiya; ƙusar da wasu ke lanƙwasawa a wurin ba fin ba ce.

Iska kuwa a auna ta da geji taya na sanyi. Ga ƙananan babura irin su Bajaj Boxer, wajen fam 25 a gaba, 28 a baya, a ƙara zuwa 32 idan za a yi goyo. Kafin a hau titi a juya wili da hannu, a taka birki sau biyu ko uku a tabbata ya kama.