Harsashi a Ƙasar Gumel: Kalmar da Abin da Take Nufi

Manyan kalmomi uku na sha'anin bindiga daga Larabci Hausa ta aro su: bindiga daga bunduƙiyya, albarushi daga al-barud, harsashi kuwa daga ar-rasas, watau darma. Wannan ya nuna cewa ta hamada makamin ya iso. Tun ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Barno yana da 'yan bindiga Turkawa, Gumel kuwa Barno take bi. A arewa da Maigatari, Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, har igwa ya sa aka ƙera masa.

A zamanin nan harsashi dunƙulen darma ne kawai. Akan ɗura albarushi ta bakin bindiga, a cusa tsumma, kana a danna harsashi. Jinkirin sake ɗuri shi ya jawo mata suna harba-ka-ruga.

Bayan zuwan Turawa a 1903, harsashi mai kwanso ya yaɗu, darma da albarushi a haɗe, sunan darmar ya game duka. 'Yan bindigar Sarki kuwa a hawan Salla albarushi zalla sukan harba, ƙara ake bukata.