Abubuwan ban mamaki a taƙaice: Dutsen Kilimanjaro

A arewacin Tanzaniya, dab da iyakar Kenya, akwai dutsen da ya fi kowane tsawo a Afirka. Ga kaɗan daga abubuwan mamakinsa:

1. Tsawonsa mita 5,895 ne, kuma shi kaɗai yake tsaye a fili, ba ya cikin jerin wasu duwatsu.

2. Duwatsu uku ne masu aman wuta suka haɗu: Kibo da Mawenzi da Shira. Biyun ƙarshe sun mutu murus, amma Kibo barci kawai yake yi. Har yau ana jin warin farar wuta a bakin raminsa.

3. A 1848 wani Bajamushe ɗan mishan, Johannes Rebmann, ya ba da labarin ya hango ƙanƙara a kansa. Wasu masana a Ingila suka ce shaci-faɗi ne, ina ƙanƙara ina ƙasar zafi? Daga baya suka sha kunya.

4. Hans Meyer da Ludwig Purtscheller ne aka fara rubuta sun taka ƙololuwar, a watan Oktoban 1889. Meyer ya ɗauko ɗan dutse daga can ya kai wa sarkin Jamus tsaraba, ya kuma raɗa wa wurin sunan sarkin. Da Tanganyika, ƙasar da dutsen yake a lokacin, ta sami 'yancin kai a 1961, aka kunna wutar 'yanci a can, daga baya aka sake wa wurin suna Uhuru.

5. Mai hawa yakan fara da gonakin ayaba da kofi na ƙabilar Caga, ya shiga kurmi mai ruwan sama, ya ratsa hamada mai tsakuwa, sannan ya iske ƙanƙara, duk cikin mako guda. A sama iskar shaƙa kusan rabin ta ƙasa ce, taku goma mutum ya tsaya yana haki.

6. A 1926 an tsinci gawar damisa a daskare kusa da ƙololuwar. Me ya kai ta? Allah masani.

7. A 2017 wasu mata sun buga ƙwallon ƙafa na minti 90 cur a ramin Kibo, suka kafa tarihi.

8. Daga 1912 zuwa yau, fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙanƙarar ta narke. Mai son ganin saura, gara ya hanzarta.