FARAR WUTA: DAGA HAYAƘIN MASANA'ANTA ZUWA GONA

Hakimai da malamansu sun san farar wuta, wadda maharba ke haɗa albarushi da ita, ake kuma maganin ƙazwa. Amma ba kowa ya san shuka ma tana cinta ba.

Akwai farar wuta cikin kwal da ɗanyen man fetur. Idan aka gasa kwal domin a sami iskar gas, sai ta biyo iskar, tana wari kamar baragurbi, tana cin ƙarfen inji, tana kuma kisa in ta yi yawa. Saboda haka wata dabara ita ce a bi da iskar, da zafinta na wajen digiri 500, ta cikin wata babbar tukunya cike da tsakuwar da aka yi da tutiya. Tsakuwar ta kama farar wutar, iska ta wuce da tsabta.

To, tsakuwa takan ƙoshi, ga ta da tsada, ba a zubarwa. Sai a juya gas zuwa tukunya ta biyu, a hura wa ta farin iska. Nan ne gwaninta take. In iskar ta yi yawa zafi zai haura, tsakuwa ta dunƙule ta lalace, don haka a hankali ake hurawa. Farar wutar ta fita cikin hayaƙi mai shaƙe mutum, sa'an nan a gama hayaƙin da kaɗan daga gas ɗin, ta komo ruwa, ta daskare rawaya. Matatun mai kuwa sukan bi dabarar da wani masani, Claus, ya fitar a Ingila cikin 1883.

Da farar wuta ake yin asid ɗin da ake zuba wa dutsen fosfet ya zama takin sufa, irin wanda aka buɗe wa masana'anta a Kaduna cikin 1976. Kusan kashi 12 cikin 100 na sufa farar wuta ce. Yuriya ba ta da ko kaɗan.

Ƙasar Gozaki, da sauran gonakin Malumfashi da Funtua, ta daɗe tana ciyar da masara da auduga da gyaɗa, ƙasar Arewa kuwa dama farar wutarta kaɗan ce. Ƙona karan gona yana kore sauran zuwa sama. Lalle a gaya wa dagatai: idan sabon ganye na sama ya yi rawaya, alhali na ƙasa kore ne, kada manomi ya yi gaggawar ƙara yuriya. Ya kai ganyen wurin malamin gona tukuna.