Dalilan Dishi-dishin Hoto Wajen Ɗaukar Shafukan Littattafai da Ƙaramar Kyamara

Manazartan da ke tattara bayanai a yankin Kura da Bunkure sukan ci karo da takardu iri biyu: rubuce-rubucen Larabci da ajami da malamai ke adanawa a gafaka, da kuma rijistocin filaye da na ƙungiyoyin manoman rani da suka taru tun bayan kammala madatsar Tiga a 1974. Masu su ba sa yarda a fita da su, saboda haka ƙaramar kyamarar aljihu ce madogarar ɗalibi. Sau da yawa hoton da ya yi kyau a allon kyamara, idan an buɗe shi a kwamfuta sai a tarar ya yi dishi-dishi, alhali izinin da aka samu da ƙyar ba lallai ne a sake samun sa ba.

A rubutun ajami wannan asara ce babba. A salon Magribi da malamanmu ke bi, ɗigo ɗaya a ƙasa shi ne fa, ɗigo ɗaya a sama shi ne ƙaf, sannan ɗigon imala ne ke nuna wasalin e. Idan ɗigo ya narke cikin tabon takarda, kalma ta sauya.

Abin lura na farko shi ne, irin wannan kyamara ba ta san rubutu ba. Tana matsar da madubinta gaba da baya har ta kai inda bambancin duhu da haske ya fi kaifi, sai ta tsaya. Tsohuwar takarda da ta yi ja, da tawadar da ta koɗe, ba su ba ta wannan bambanci, don haka sai ta kama zanen tabarma ko bakin gafaka. Maganin mai sauƙi ne: a zaɓi saitin gani na tsakiya kawai, a ɗora wata takarda mai baƙin rubutun ɗab'i a kan shafin, a danna maɓalli rabi har alamar ta nuna, a zare takardar, sannan a ƙarasa dannawa. A ganina wannan dabara ta fi sayen sabuwar kyamara amfani.

Akwai kuma batun tazara. Kowane madubi yana da iyakar kusancin da zai iya gani sarai, kuma iyakar tana ƙara nisa duk lokacin da aka zuƙo hoto. Mai ɗauka yakan matso kuma ya zuƙo domin shafi ya cika allo, ta haka ya faɗa cikin tazarar da madubin ba ya iyawa. Ko dai a kunna yanayin kusa, mai alamar fure, ko a ɗaga kyamarar sama a zuƙo kaɗan.

Wajibi ne a rarrabe kuskuren saiti da rawar hannu, domin maganinsu daban ne. Idan haruffa sun yi inuwa ta gefe ɗaya kamar an ja su, rawa ce, kuma duhun zaure ne sanadi, tun da kyamara takan daɗe a buɗe tana neman haske. Sai a koma inuwar bakin ƙofa, a kafa kyamarar a kan maɗori, a sa jinkirin daƙiƙa 2, a kashe na'urar hana rawa. Idan kuwa gefe ɗaya ya fito ɗayan ya dushe, kyamara ce ba ta yi daidai da shafi ba. A ajiye ƙaramin madubin fuska a tsakiyar shafin. In idon kyamara ya bayyana a tsakiyar allo, an daidaita.

Littattafan gafaka warwara suke, ba ɗinki, don haka suna kwanciya, sai dai damshin yankin fadama yakan sa takarda ta yi tudu da kwari. Rijistocin ofis su ne masu wahala, saboda shafi yana lanƙwasa wajen ɗinki, inda sau da yawa lambar fili take. Wasu sukan matse ƙofar haske zuwa f/8 domin komai ya fito, amma a kyamara mai ƙaramin faifan ɗauka, wanda faɗinsa bai wuce milimita 6 da ɗoriya ba, matsewar kanta tana dusar da hoto. Gara a tsaya wajen f/4, a buɗe littafin rabi a tokare shi, a ɗauki shafi ɗaya ɗaya. Wanda ya danne shafi da gilashi ya riƙa goge shi, musamman da hunturu, domin kyamara tana iya kama ƙurar da ke kansa ta bar rubutun.

Shafi mai girman A4 yana bukatar kimanin ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo kafin ya kai ma'aunin 300 a kowane inci, wato kusan megafiksel 9. Yawancin ƙananan kyamarori sun haura haka. Bayan kowane shafi goma, a zuƙo hoton a allo har ƙarshe, a duba kusurwoyi huɗu da tsakiya, kafin malam ya mayar da littafinsa gafaka.