Zumuncin Hisabi da Kiɗa da Waƙa

Wanda ya dubi makarantun zamani, inda malamin lissafi ke shiga aji da allinsa ya fita, sannan malamin adabi ya shigo da waƙoƙinsa, babu mai tambayar abin da ɗan'uwansa ya koyar, zai zaci fannonin nan ba su taɓa haɗa hanya ba. Alhali kuwa magabata sun ɗauke su 'yan ɗaki ɗaya, domin dukkansu a kan awo suka tsayu.

Babbar hujja ita ce Halilu ɗan Ahmadu Alfarahidi, malamin Basra na ƙarni na 8 na Miladiyya, wanda ya assasa ilmin arula, wato ilmin awon baitocin waƙa. Da ya saurari waƙoƙin Larabawa da kunnen basira, ya gane cewa kowane baiti jeri ne na haruffa masu wasali da masu ɗauri, sai ya ƙididdige su, ya fitar da bahari 15, wato karin waƙa, ya shirya su cikin da'ira 5, ta yadda in an soma karatu daga wani wuri a sami bahari guda, in an gusa kaɗan a sami wani. Daga baya wani malami, Ahfashu, ya ƙara bahari na 16. Da irin wannan hisabi ya tsara ƙamusunsa, Kitabul Aini, inda ya nuna haruffa 3 suna juyawa ta hanya 6, haruffa 4 kuwa ta hanya 24, sa'an nan ya ware kalmomin da Larabawa ke furtawa daga waɗanda suka watsar.

Haka lamarin yake ga kiɗa, domin in mai goge ya danne tsirkiya daidai tsakiyarta, muryarta ta farko ce ke dawowa, illa dai ta fi siriri, kuma wannan nisba ta biyu bisa ɗaya tana cikin abin da Alfarabi ya sharhanta a babban littafinsa na kiɗa.

Saboda abin da aka auna ya fi zama a ƙwaƙwalwa, Ibnu Maliki ya waƙe nahawu cikin Alfiyya, Ibnul Yasamin na ƙasar Magrib ya waƙe aljabara, Nana Asma'u kuma ta karantar da mata addini da waƙoƙin Hausa da Fulfulde. Harshenmu ma da mizaninsa, tun da gaɓa mai nauyi tana cin lokacin masu sauƙi biyu: a kalmar gida ta farko mai sauƙi ce, ta biyu mai nauyi, a malam kuwa duka biyun masu nauyi ne.

To, malamin da ya sa yara su rera baiti suna tafi, su ƙirga gaɓoɓinsa, su raba su gida-gida, ya koyar da ninki da rabo tun bai taɓa allo ba. Yaron da ke gudun lissafi kuwa sai ya tarar ya daɗe yana yin sa a dandali.